Yadda Ake Horar Da Kwikwiyo Ya Riƙa Jin Magana

A Fadan Kaje da ƙauyukan da ke tsakanin Zonkwa da Kafanchan, da wuya ka wuce gida uku ba ka ji haushin kare ba. Wani na gadi ne, wani na farauta, wani kuma rakiya yake yi zuwa gonar citta. Amma yawancinmu da mun kawo kwikwiyo, mun zuba masa ragowar tuwo, shi ke nan. Ni ma haka na yi da karena na farko, sai da ya kashe wa maƙwabciyata kaji huɗu. Na biya kuɗin, amma mun fi wata biyu gaisuwarmu sama-sama. Ga abin da na koya tun daga lokacin.

Lokacin farawa

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. Ranar da ya shigo gida, ranar ake fara horo, domin daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ne ya fi saurin sabawa da abin da ya gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A yi minti biyar, sau biyu ko uku a rana, kafin a ba shi abinci, lokacin da yake kwaɗayi.

Ƙa'idojin horo

Lada ta fi bulala aiki. Da ya yi daidai, nan take a ba shi ɗan gutsuren nama ko busasshen kifi marar ƙaya, a yaba masa. In aka jinkirta, ba zai gane abin da ya jawo masa ladar ba. Duka kuwa tsoro yake koya masa, kuma kare mai tsoro ya fi saurin cizo. Sannan kowa a gida ya riƙe kalma ɗaya. In maigida na cewa “zo”, uwargida na kiransa da Jju, yara da Turanci, rikicewa zai yi.

Kalmomi huɗu na farko

Zauna: Ka riƙe ladar a saman hancinsa, ka ja ta baya a hankali ta bisa kansa. Da kansa zai zauna. Yana zama ka ce “zauna”, ka ba shi.

Zo: Ka ɗaura masa doguwar igiya, ka tsuguna, ka kira sunansa ka ce “zo”. Kada ka taɓa kiransa don ka hukunta shi, in ba haka ba gobe ba zai zo ba.

Tsaya: Yana zaune ka nuna masa tafin hannu, ka ja baya taku ɗaya, ka dawo ka ba shi lada. Kullum ka ƙara nisa kaɗan.

Bari: Ka dunƙule ladar a hannu. Zai shinshina, ya lasa. Da ya janye baki ka ce “bari”, ka ba shi wata daga ɗaya hannun. Wannan kalma ce ke ceton kaji da 'yan awaki, ta kuma hana shi cin mushe ko maganin ɓera.

Kashi da fitsari

A kai shi wuri ɗaya a bayan gida duk lokacin da ya tashi barci, ya ci abinci ko ya gama wasa. In ya ɓata ɗaki, a wanke kawai. Goga masa hanci a ciki ba ya koya masa komai.

Zama da jama'a

Tun yana ƙarami a riƙa nuna masa kaji, awaki da aladu yana cikin igiya, a ba shi lada in ya natsu. A hana shi tsalle a jikin baƙi: in ya yi tsalle a juya masa baya, sai ya zauna a kula shi. Muna zaune ne a cakuɗe, kuma da yawa cikin maƙwabtanmu Musulmi ba sa son kare ya lashe su ko ya taɓa musu tufafi. Kiyaye wannan yana cikin haƙƙin maƙwabtaka. Yara ma a koya musu kada su ja masa wutsiya ko su taɓa shi yana cin abinci.

Rigakafi

Horo ba ya maganin ciwon haukan kare. A kai kwikwiyo wurin likitan dabbobi a yi masa allura yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, a kuma nemi maganin tsutsar ciki. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu haɗa wannan allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari ta hanyar cizon kare. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya sai an gwada na gida.