Wai Shin Yaushe Aka Haifi Nijeriya?

Kwanakin baya muna hira da wani maƙwabcina a nan Ibadan, sai ya ce mini ai Nijeriya auren dole ce da Lugga ya ɗaura a 1914, kuma wa'adinsa shekara ɗari ne, ya ƙare tun 2014. Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin irinmu mazauna kudu ne ake fara kallo idan aka ce a raba gari.

To shin 1914 ɗin ce asalin? Turawan Ingila sun karɓe Legas tun 1861. Sunan Nijeriya kuwa Flora Shaw ce ta kawo shi a jaridar Times a 1897. An shelanta mulkin Arewa a 1900, amma Kano da Sakkwato ba su faɗi ba sai 1903. Ranar 1 ga Janairu 1914 aka haɗe Arewa da Kudu, kuma umarni ne daga Landan, babu wani wa'adi a cikinsa. Idan ka ce 1960 ce, ranar da muka samu 'yanci, ka tuna mutanen Mubi da Gwoza da Gembu ba su shigo ba sai 1961, bayan ƙuri'ar raba gardama. Bakasi kuma aka miƙa wa Kamaru a 2008. Ka ga ke nan ko taswirar ba rana ɗaya aka zana ta ba.

Duk waɗannan ranaku na takarda ne, na masu mulki. Tun kafin Lugga ya sako ƙafa, fatake suna sauko da kanwa da shanu suna komawa da goro, wasu suka zauna a Ibadan da Legas suka hayayyafa. Unguwar Sabo ta 1916 ce, amma Hausawa sun riga ta zama a garin.

Abin da na fahimta shi ne, duk wanda ya tsayar da rana ɗaya yana da abin da yake son ya kafa hujja da shi. Na ce wa maƙwabcina, ko an yaga takardar 1914, cinikin da ke tsakanin kakana da nasa ya girme ta. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.