Fitilar cikin tafkin ninkaya: Haɗarin da ke tattare da lalacewarta da matakan kariya

Yawancin tafkunan ninkaya da ake ginawa a gidaje suna da fitilu a jikin bango, ƙasa da saman ruwa, domin haskaka su da dare. Idan irin wannan fitila ta mutu ko gilashinta ya tsage, masu gida kan ɗauki lamarin tamkar mutuwar ƙwan fitilar falo, su ci gaba da wanka har ranar da mai gyara zai zo. Wannan sakaci yana iya cin rai, domin fitilar da ta daina haske tana iya ci gaba da zubar da lantarki cikin ruwa.

Hukumar Kare Lafiyar Masu Amfani da Kayayyaki ta Amurka, CPSC, ta ƙirga mutum 33 da lantarki ya kashe a wuraren ninkaya da bahunan wanka daga 2002 zuwa 2018. A watan Afrilun 2014 wani yaro ɗan shekara 7 ya rasu a tafkin gidansu da ke yankin Miami, aka kuma danganta mutuwar da matsalar wayoyin fitilar tafkin.

Yadda fitilar take

Ana sanya fitilar ne cikin wani gurbi a bangon tafki. Tana da gilashi a gaba, da zoben roba mai hana ruwa shiga, da doguwar waya da aka naɗe a bayanta. An tsawaita wayar ne domin a iya ciro fitilar zuwa bakin tafki ba tare da an zubar da ruwan ba.

Fitilun iri biyu ne. Akwai masu ƙaramin ƙarfi, volt 12, waɗanda ke samun wuta ta hanyar ƙaramar tiransifoma da ake ajiyewa nesa da ruwa. Akwai kuma masu aiki da wutar gida kai-tsaye, waɗanda suka fi yawa a tsofaffin tafkunan Amurka, inda ƙarfin wutar gida yake volt 120. A Najeriya ƙarfin wutar gida volt 230 ne, kusan ninki biyu. Ƙa'idar duniya mai lamba IEC 60364-7-702 ta iyakance wutar da za a shigar cikin ruwan tafki ga volt 12 idan irin wutar gida ce da aka rage wa ƙarfi, ko volt 30 idan irin ta batir ce.

Sai dai ita ma fitilar volt 12 amincinta ya rataya ne a kan lafiyar tiransifomarta. Idan tiransifomar ta lalace, ko aka haɗa wayoyinta ba daidai ba, cikakkiyar wutar gida tana iya wucewa zuwa fitilar.

Me ya sa haɗarin ya fi tsanani a ruwa?

Busasshiyar fata tana rage yawan lantarkin da ke ratsa jiki, jiƙaƙƙiya kuwa kusan ba ta tare komai. Ana auna lantarkin da ke ratsa jiki da miliamfiya, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Mutum yana fara jin tsikari daga kimanin miliamfiya 1. Daga wajen 10 zuwa 20 tsoka tana sandarewa, hannu ya kasa sakin abin da ya riƙe. Idan aka kai 50 zuwa 100, bugun zuciya yana iya rikicewa.

Saboda haka ba sai wutar ta kai ta tsayar da zuciya ba. Ya isa ta sandarar da hannuwa da ƙafafu, sai gwanin iyo ya nutse a ruwan da bai fi ƙarfinsa ba. Ruwan da wuta ta shiga kuma ba ya sauya launi, ba ya wari, ba ya ƙara.

Alamomin lalacewa

Daga cikin alamomin akwai fitila mai kawowa tana ɗaukewa, ko wadda haskenta ya dushe. Akwai ganin ruwa ko raɓa a bayan gilashi, da tsagewar gilashin, da tsatsa a kewayensa, da fitilar da ta saki bango tana lilo. Haka nan idan na'urar katse wuta tana faɗuwa duk lokacin da aka kunna fitilar. Mafi muni shi ne mai wanka ya ji tsikari a jiki, ko ya ji ɗan ja idan ya taɓa tsanin ƙarfe.

Matakan da za a ɗauka nan take

Na farko, kowa ya fita daga ruwa. Wanda ya ji tsikari ya juya baya daga inda yake jin sa, ya fita ta gefen da babu ƙarfe.

Na biyu, a kashe wutar tafkin gaba ɗaya daga babban akwatin rarraba wuta na gida, har da ta injin tace ruwa. Kashe makunnin bango kaɗai bai wadatar ba, domin idan an juya wayoyi wajen haɗi, wuta tana nan a jikin fitilar ko da makunnin a kashe yake.

Na uku, kada a dogara da cewa an ɗauke wuta. Tana iya dawowa a kowane lokaci, sannan gidaje da dama suna da janareta mai tashi da kansa, ko inbata da sola. A tabbatar an raba layin tafkin da dukkan waɗannan, a manna takardar gargaɗi a akwatin, a sanar da maigadi da masu aikin gida.

Na huɗu, idan na'urar katse wuta ta faɗi, kada a dinga mayar da ita, kada kuma a yi mata gada da waya. Faɗuwarta shaida ce cewa wuta tana zurarewa.

Idan gilashi ya fashe, a bar injin tace ruwa a kashe, domin tarkacen gilashi ba ya ganuwa a ruwa. A nemi masu kula da tafki su zuƙe shi zuwa waje. Kada a zubar da ruwan duka ba tare da shawararsu ba, musamman da damina, saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa yana iya tura tafkin da babu komai a ciki har ya tsage.

Idan wuta ta kama wani a cikin ruwa

A watan Yunin 2017, a garin Akyazi da ke lardin Sakarya na ƙasar Turkiyya, wuta ta kama yara uku a wani wurin wasan ruwa. Manajan wurin da ɗansa suka yi tsalle cikin ruwan domin ceto su, dukkan su biyar suka rasu.

Don haka kada kowa ya shiga ruwan. A fara kashe wuta, sannan a jawo mutumin da doguwar sandar roba ko ta faiba, ban da ta ƙarfe. Idan ba ya numfashi, a fara danna masa ƙirji da hura masa iska, wani kuma ya kira lambar gaggawa ta 112. Ko da ya farfaɗo, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa.

Gyaran da ya dace

Aikin na ƙwararren mai gyaran wuta ne. A Najeriya hukumar NEMSA ce ke ba masu haɗa wayoyin lantarki takardar shaidar ƙwarewa, kuma mai gida yana da haƙƙin neman a nuna masa ita.

Mai gyaran zai fara auna layin ya tabbatar babu wuta, sannan ya ciro fitilar. Duk lokacin da aka buɗe ta, dole a sa sabon zoben roba, domin tsohon ba ya sake toshewa da kyau. Wayar da ta kwaile ba a naɗe ta da salatif a mayar cikin ruwa, sauya ta ake yi ɗungurungum. Tsofaffin ƙwayaye masu zafi ruwa ne ke sanyaya su, don haka ba a barin su a kunne a waje fiye da 'yan daƙiƙoƙi.

Ya kamata kuma ya duba tiransifoma, da akwatin haɗin wayoyi, da wayar ƙasa, da wayar da ke ɗaure dukkan ƙarafan tafkin wuri guda, wato tsani da gurbin fitila da jikin injin. Idan za a sayi sabuwar fitila, a zaɓi LED mai volt 12 da ke ɗauke da alamar IP68, wadda ke nuna an ƙera ta domin zama cikin ruwa.

A tabbatar layin tafkin yana da na'urar RCD, mai katse wuta da zarar zurarewa ta kai miliamfiya 30. Takwararta ta Amurka, GFCI, tana katsewa a wajen miliamfiya 5. Fis da bireka na yau da kullum waya suke karewa daga ƙonewa, ba sa jin ƙaramar zurarewar da ke kashe mutum. Na'urar tana da maɓallin gwaji, a danna shi sau ɗaya a wata. Idan aka danna wuta ba ta ɗauke ba, a rufe tafkin har sai an sauya ta.