Tsakanin Kano Da Jidda

A shekarar 2022 muka raka kawuna filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zai tafi aikin Hajji, sai na ji yana ƙorafin wai zai yi kusan awa biyar a zaune kafin su sauka Jidda. Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin kuwa kakan mahaifina a ƙasa ya yi wannan tafiya, kuma shekara bakwai ya yi kafin ya komo gida.

Mai karatu, idan an miƙe ta sama, tsakanin Kano da Jidda kimanin mil 2,100 ne, watau wajen kilomita 3,400. Amma a wurin mutanen da, nisan ba da mil ake auna shi ba, da damina ake ƙirga shi. Mahajjaci yakan tashi daga Kano ya bi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, ya faɗa El Obeid, sa'an nan Hartum, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda zai shiga jirgin ruwa. Guzuri kuwa ba ya kai mutum. Saboda haka inda damina ta riske shi, nan zai yada zango ya yi noma ko ƙwadago, in ya sami abin hannu ya ƙara gaba. Shi ya sa mai tafiya yakan raba gadonsa, ya nemi gafarar 'yan uwa, don ba kowa ke dawowa ba.

Wasu ma da niyyar hijira suka tafi. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi cikin 1903, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, suka zauna a bakin kogin Nilu, a garin da ake kira da sunansa. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, mahajjata da yawa suka tsaya neman kuɗin jirgi, zama ya miƙe, suka hayayyafa. Ƙanen kakan nan namu yana cikinsu. Bai komo ba.

Abin mamaki, a wannan shekara ta 1925 ne jiragen sama suka fara sauka Kano, guda uku na sojan Ingila, daga Masar suka taso. A 1936 aka soma jigilar wasiƙu ta sama tsakanin Hartum da Kano. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu attajiran Kano suka shiga ɗaukar alhazai a manyan motoci, tafiyar shekaru ta koma ta watanni, daga bisani jirgin sama ya mai da ita ta yini guda.

To, sauƙi ya samu, alhamdu lillahi. Sai dai jirgi ya tsallake mana zangunan da suka haɗa mu da dangi. Ba mu tuna da su ba sai a 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka dinga zagaye, kuɗin kujera ya ƙaru. Mu kuɗi muka yi kuka da shi, su kuwa gidajensu suka bari.

Ina kira ga 'yan uwana ɗalibai, duk wanda ke da tsoho a gida da ya san labarin hanyar nan, ya zauna da shi ya rubuta tun kafin ƙasa ta rufe ido. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Sudan lafiya, amin.