Yadda Abincin Foland Ya Bi 'Ya'yanta Zuwa Baƙuwar Ƙasa

Duk wanda ya ratsa unguwar Ealing a Landan ko Greenpoint a New York ya san kantunan mutanen Foland, da ƙamshin kyafaffen nama da baƙin burodi da ke tarbar mai shiga tun daga bakin ƙofa. Mun saba ganinsu har mun ɗauka haka suka taso. To amma waiwaye adon tafiya. Kowace kwalbar kabeji mai tsami da ke kan kanta tana da tarihin da ya haura shekara dubu, kuma yawancinsa tarihin sanyi ne da yunwa da hijira.

Mu fara daga tushe. Foland ƙasa ce da ƙanƙara ke rufe gonakinta watanni, don haka manomin da bai iya adana abinci ba ba zai ga bazara ba. Allah kuwa ya hore musu gishiri: tun ƙarni na 13 aka fara haƙarsa a Wieliczka, kusa da Krakow. Da shi suke danne kabeji da kokwamba a cikin ganga har su yi tsami, nama a kyafe shi, laimar kwaɗi irin wadda ake ci a shanya ta. Addini ya zo ya ƙara nasa. Tun da Sarki Mieszko na Farko ya karɓi Kiristanci a 966, kwanakin ƙaurace wa nama suka cika shekara, sai kifi da wake da miyar tsami suka samu gindin zama. Daga waɗannan biyu, hunturu da azumi, aka sami girki mai daɗewa bai lalace ba. Ba wanda ya san cewa guzurin tafiya ake haɗawa.

Daga baya fada ta sa hannu. Ana danganta yaɗuwar kayan lambu iri-iri ga Sarauniya Bona Sforza, 'yar Italiya da Sarki Sigismund na Farko ya aura a 1518. A 1682 Stanislaw Czerniecki ya buga littafin girki na farko da harshen ƙasar a Krakow, cike da masoro da citta da tsami da zaƙi. Yahudawan Krakow suna gasa burodin nan mai rami a tsakiya, bagel, wanda sunansa ya bayyana a dokokin al'ummarsu tun 1610. Musulmi 'yan ƙabilar Tatar, da Sarki Sobieski ya ba wa filaye a Kruszyniany da Bohoniki a 1679, sun kawo nasu gashin ƙullu mai nama da har yau ake yi a ƙauyukan. Dankalin turawa shi ne autan baƙi, amma kafin ƙarni na 19 ya yi nisa ya zama uban tukunyar talaka.

Sai babbar musiba ta sauka. A 1772 da 1793 da 1795 Rasha da Furusiya da Ostiriya suka yayyanka ƙasar suka raba, ta ɓace daga taswira tsawon shekara 123. Ba tuta, ba sarki, a wasu yankunan har harshen aka kora daga makaranta. Abin da mai mulki bai iya shiga ya hana ba shi ne madafa. Ba banza ba mawaƙinsu Adam Mickiewicz, yana zaman gudun hijira a Faris, ya tsaya a cikin waƙarsa Pan Tadeusz ta 1834 ya siffanta bigos, dahuwar kabeji mai tsami da nama da mafarauta ke ɗumamawa a daji. Daga nan muka fara ganin abinci ya zama hujjar cewa al'ummar tana raye.

Zango na gaba na talakawa ne. Tun 1854 wasu manoman Silesia suka kafa Panna Maria a Texas, amma ambaliyar ta zo ne tsakanin 1870 da 1914, lokacin da ƙarancin gona ya koro mutane zuwa abin da su da kansu suka kira tafiyar neman burodi. Suka cika mahautan Shikago, da ramukan kwal na Pennsylvania, da gonakin Parana a Birazil. Abincin da suka ɗauko ba na fada ba ne, na ƙauye ne, kuma jagoransa pierogi: ƙullun fulawa da ake cusa wa dankali da cuku ko kabeji, a manne baki a dafa a ruwa. Mata kan taru a coci su yi ta lanƙwasa shi ana sayarwa don hidimar coci da makarantar yara. Baƙuwar ƙasa kuma ta sauya shi. Kilbasa, niƙaƙƙen naman alade da ake ɗurawa a hanji a kyafe, wadda a gida sai da biki, ta zama cimar yau da gobe. A 1952 wani kamfani a garin Shenandoah ya fara sarrafa pierogi na sayarwa da sunan Mrs. T's. Ponchki, wani soyayyen ƙullu mai kama da fanke, a Foland ranar Alhamis ta ƙarshe kafin azumin Lent ake cinsa, amma a Hamtramck da Shikago ya koma Talata.

Yaƙin Duniya na Biyu ya haifar da hijira mai ɗaci fiye da ta baya. Waɗanda Tarayyar Sobiyet ta kwashe zuwa Siberiya suka fito ta Iran a 1942 tare da rundunar Janar Anders. Mata da yara da yawa aka kawo nan Afirka, zuwa sansanin Tengeru kusa da Arusha, da Masindi da Koja a Yuganda, inda suka yi noma da kiwo don su ci irin na gida. Da yaƙi ya ƙare ƙasarsu ta faɗa hannun kwaminisanci, Birtaniya ta yi dokar tsugunar da su a 1947, shekarar da aka buɗe gidan abincin Foland na Daquise a South Kensington. Ga waɗannan mutane babu daren da ya kai na 24 ga Disamba, daren Wigilia, wato jajiberin Kirsimeti. Ana jiran fitowar tauraro na farko, a jera kwano goma sha biyu ba nama ko ɗaya, a sha jar miyar barsh, a ci kifi. Kafin a ci, kowa ya gutsuri siririyar wainar oplatek daga hannun ɗan'uwansa suna yi wa juna fatan alheri. Wainar nan ba ta da nauyi, sai ta riƙa tsallake iyaka a cikin ambulan. Kujerar da al'ada ta ce a bar wa baƙo kuwa, a gidan ɗan hijira ta zama ta uwa ko ɗan'uwan da ba a san ranar sake gani ba.

A zamanin kwaminisanci reshe ya juye da mujiya. Aka fara rabon sukari da kati a 1976, nama a 1981, kuma ƙarin farashin nama ne ya kunna yajin aikin 1980 da ya haifi ƙungiyar Solidarity a Gdansk. Waɗanda ke waje su ne yanzu suke aika ƙunshin kofi da cakulan da naman gwangwani zuwa gida. Sai a 1989 katin ya mutu tare da tsarin da ya haife shi.

Juyi na ƙarshe ya zo ranar 1 ga Mayu, 2004, da Foland ta shiga Tarayyar Turai, Birtaniya da Ailan da Suwidin suka buɗe wa ma'aikatanta ƙofa. Ƙidayar 2011 ta samu mutum 546,000 a Ingila da Wales da harshen Foland ne babban harshensu. Motocin kaya suka riƙa zuwa da burodi da cuku daga gida, manyan kantuna irin su Tesco suka ware musu kanta guda. Abin da kakanni ke ƙirƙira da ɗan abin da suka samu, jikoki suna sayensa a bakin layi, wanda ya manta yadda ake tsima miyar zurek kuma ya kira uwarsa ta bidiyo.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mutanen Foland sun nuna cewa karin maganar tana da togaciya. A Shikago akwai jikokin da harshen ya ɓace musu tuntuni, amma daren 24 ga Disamba ba ya wuce su ba su gutsuri oplatek ba. Al'ummar da ta koya wa 'ya'yanta girkinta ba ta ɓacewa, ko an share sunanta daga taswira.