Asalin Kalmar Caji

Duk wanda ya ji ɗan sanda ya ce a tafi caji ofis, sa'an nan ya ga yaro yana neman inda zai sa wayarsa a caji, lalle zai yi mamakin abin da ya haɗa tuhuma da lantarki, alhali kuwa malaman lugga sun tabbatar tushensu ɗaya ne. A harshen Latin, ma'anar tushen kalmar ita ce ɗora kaya a kan amalanke. Daga nan ta shiga Faransanci, ta ƙetare zuwa Ingila bayan Normandawa sun ci ƙasar a 1066. Sannu a hankali majazi ya rinjayi haƙiƙa, har amanar da aka ɗora wa wakili, da kuɗin da ɗan kasuwa ya aza wa mai saye, da laifin da aka jingina wa mutum gaban alƙali, duka suka zama caji. Ɗura albarushi a bindiga ma haka, kuma a ganina daga can ne masana irin su Benjamin Franklin suka aro ta domin lantarki a ƙarni na 18. Mu dai a bakin 'yan sanda muka fara jin ta, batir ya biyo baya.