Ƙararrawar da Edmund Wilson Ya Tsallake

A watan Oktoba na shekarar 1944, tun ƙurar yaƙin duniya na biyu ba ta lafa ba, Edmund Wilson, wanda a zamaninsa da wuya a sami na biyunsa a fagen sharhin adabi a Amurka, ya rubuta maƙala a mujallar New Yorker yana ta'ajjubin abin da ke sa masu hankali su raba dare a kan littattafan binciken kisan kai, alhali shi ya ɗanɗana na Agatha Christie da na Rex Stout bai ji gishiri ba. Masoya wannan fanni suka yi masa ca da wasiƙu, har 39, waɗanda 7 kaɗai daga cikinsu suka goyi bayansa, da yawa kuwa suka yi masa nasiha da ya nemi The Nine Tailors na Dorothy Sayers, wanda ya fito a 1934, kafin ya yanke hukunci.

Ya nema, ya karanta, sa'an nan a Janairun 1945 ya fito da raddi wanda takensa kansa gatse ne, wato ina ruwan wani da wanda ya kashe Roger Ackroyd, mutumin da aka kashe a wani littafin Agatha Christie. Hukuncinsa a kan littafin Sayers shi ne cewa yana cikin mafiya gundura da ya taɓa buɗewa, saboda marubuciyar ta cika shafuka da bayanin yadda ake kaɗa ƙararrawar coci a ƙauyukan Ingila, har ya tsallake da yawa daga cikinsa.

A nan ne, a ganina, malamin ya yi gaggawa. Domin a littafin, mamacin da aka tsinci gawarsa a kabarin wata mata, ba wuƙa ce ta kashe shi ba, ba guba ba; ɗaure shi aka yi a hasumiyar cocin, a daren sabuwar shekara aka kaɗa ƙararrawa takwas na tsawon sa'a tara ba ƙaƙƙautawa, ƙarar ta zama ajalinsa, kuma Lord Peter Wimsey, mai binciken da kansa, yana cikin masu jan igiya a daren nan bai sani ba. Bayanin da Wilson ya ɗauka surutu ne, shi ne makamin kisan.

Amma fa ba duka fannin ya yi wa kuɗin goro ba: ya yaba wa Raymond Chandler da ƙwarewa wajen ba da labari, kuma a watan Fabrairu ya sake wata maƙala yana jinjina wa Sherlock Holmes na Conan Doyle, wanda ya sani tun yana yaro.