Helenawan Dā Da Harshen Da Ya Ɗauki Bishara

'Yan'uwa cikin Almasihu, a wannan biki na jubili muna ta tunawa da waɗanda suka kawo mana Bishara, da iyayenmu da suka fara karɓarta. Daidai ne. Amma Bishara ta yi doguwar tafiya kafin ta iso ƙasarmu, kuma a zangon farko akwai wata al'umma da ya kamata mu san labarinta, watau Helenawa, waɗanda a ke kira Girkawa yau. Gama da harshensu aka rubuta dukan littattafai 27 na Sabon Alkawari.

Ƙasarsu tana bakin Bahar Rum, duk duwatsu ce da tsibirai. Ƙasar noma kaɗan ce, sai zaitun da inabi da sha'ir, don haka suka zama matuƙan jiragen ruwa da fatake. Ba su da sarki guda. Kowane birni da mulkinsa, kamar yadda Katsina da Gobir da Kano su ke a dā, yau zumunci gobe yaƙi. Manyan biranensu su ne Atina da Sifarta da Koranti. Abin da ya haɗa su shi ne harshe, da gumaka, da wasannin guje-guje da kokawa da su kan yi a Olimfiya kowace shekara huɗu, waɗanda a ke lissafin farkonsu daga shekara ta 776 kafin haihuwar Almasihu.

Allolinsu da yawa ne. Sun ce suna zaune a bisa dutsen Olimfus, sarkinsu Zafsa mai tsawa. Mawaƙinsu Homa ya ba da labarinsu cikin waƙoƙinsa, ga su da halin 'yan Adam sak, suna kishi, suna ƙarya, suna ƙwace matan mutane. Wannan Zafsa ne mutanen Listira suka zaci Barnaba ne, suka zaci Bulus kuma Hamisa ne, har suka kawo bijimai za su yanka musu.

Duk da haka kada mu raina su, gama mutane ne masu bincike. Wajen shekara ta 508 kafin Almasihu mutanen Atina suka soma mulkin shawara, 'yan gari su taru su jefa ƙuri'a, ko da ya ke mata da bayi ba su da baki. Likitansu Hibokarati da almajiransa sun koyar cewa cuta tana da dalilinta a jiki, a nemi magani. Sukurat ya yi ta tambayar mutane mene ne gaskiya, mene ne adalci, har suka gaji da shi, suka ba shi dafi ya sha a shekara ta 399. Almajirinsa Aflatun ya koya wa Aristotal, Aristotal kuma ya koya wa ɗan sarkin Makidoniya, Iskandari.

To, a nan ne mu ke ganin hannun Ubangiji. Iskandari ya hau gadon sarauta a 336, ya ci Farisa da Masar, ya kai har bakin ƙasar Indiya, ya mutu a Babila a 323 yana da shekara 32. Mulkinsa ya tsage, jarumawansa suka rarraba, amma harshensa ya zauna. Helenancin sojoji da 'yan kasuwa ya zama harshen da kowa ke ji daga Masar har Suriya. Yahudawan Iskandariya suka fara juya Attaura zuwa Helenanci wajen shekara 250 kafin Almasihu. Ko da Romawa suka ci ƙasar, suka rushe Koranti a 146, harshen bai mutu ba. Da manzanni suka tashi rubutu, da wannan harshe na kasuwa suka rubuta, domin bawa da ɗan dako su ji.

Wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, Bulus ya shiga Atina. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 17. Ya ga birni cike da gumaka, har da bagaden wani allah da ba su sani ba. Bai zage su ba. Ya tsaya a Tudun Arasa, ya soma daga abin da suka sani, har ya kawo maganar mawaƙansu. Amma da ya zo kan tashin matattu, waɗansu suka yi masa ba'a. Kaɗan ne suka ba da gaskiya, cikinsu har da Diyonisiyas da wata mace, Damarisa. Hikima ta kai su bakin rijiya, amma yawancinsu ba su sha ba.

Yau haikalin Zafsa kango ne, amma gādon Helenawa yana bakinmu. Ikkilisiya da baftisma kalmominsu ne. Linjila da alƙalami da dirhami daga gare su suka fito, suka biyo ta Larabci. Har baƙaƙen bokon nan daga nasu ne, ta hannun Romawa.

Abin da Helenanci ya yi a zamanin manzanni, shi Hausa ta yi a nan. Sa'ad da masu mishan suka sauka Damagaram a 1924, sun tarar da harshen da fatake suka riga suka baza, kuma a 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa duka. Saboda haka kada 'ya'yanmu da suka yi karatun Faransanci su ji kunyar yin wa'azi da harshen kasuwa. Kada kuma mu manta da maƙwabtanmu, Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari, gama kowa ya fi jin magana da harshen da ya sha a nono. An kawo mana, saura mu kai gaba. Ubangiji ya ba mu ƙarfi. Amin.